Fentin ruwa da karnukan Burden Hill

Shekara da shekaru, littafin labarin zane a Amurka aikin taron dangi ne. Wani ya zana da fensir, wani ya bi sawunsa da baƙar tawada, na uku ya zaɓi launi daga cikin guda 64 da injin ɗab'i ke iya fitarwa a kan takarda mai araha. Sai da takarda ta inganta masu burushi suka samu ƙofa, irin su Jon J Muth da ya yi Moonshadow da fentin ruwa a 1985. Ba a jima ba kuma kwamfuta ta karɓe aikin launi, har wasu suka ɗauka yayin burushi ya wuce.

Jill Thompson ba ta ajiye nata ba. Ta koyi zane a Chicago, ta yi suna a Wonder Woman da Sandman. A 2003 kamfanin Dark Horse ya buga Stray, gajeren labarin da Evan Dorkin ya rubuta ita kuma ta zana, kan wasu karnuka da fatalwa ta tare a ɗakin ɗayansu. Aikin ya kawo mata kambun Eisner a 2004. Daga nan aka haifi Beasts of Burden, wanda ya fara fitowa da sunansa a 2009: karnuka biyar da kyanwa ɗaya suna tsare garin Burden Hill daga mayu da fatalwowi, alhali masu gidajensu na barci.

Gwanintarta tana cikin abin da ta ƙi yi. Ba ta sa wa dabbobin riga ba, ba ta tsayar da su kan ƙafa biyu ba. Kare yana nan a karensa. Tsoronsa a kwantaccen kunne ake ganinsa, kunyarsa a jelar da ya cusa tsakanin cinyoyi. Fentin ruwa kuwa ba ya yafe kuskure, domin launin da ya shiga takarda ya shiga ke nan, kuma hasken da ake so dole a bar masa farar takarda tun farko.

Ga kuma abin da ke kama zuciya. Tun zamanin Beatrix Potter da zomonta Peter na 1902, idon Turawa ya saba ganin dabbobin fentin ruwa a littattafan yara. Thompson ta ari wannan taushin, koren ciyawa da hasken yamma, ta zuba masa jini da makoki. A labarin Lost, inda wata karya ke neman 'yan kwikwiyonta da suka ɓace, mai karatu ya saki jiki da kyawun shafin kafin baƙin cikin ya rufe shi.

A 2018 Benjamin Dewey ya karɓi zanen wasu labaran, shi ma da fentin ruwa. Shi ya zana na 2021, wanda ya kai labarin Japan ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu.