Yadda Wutar Nefa Ta Raini Masu Naɗa Koyil

Injin busar da tufafi ya shiga kasuwar Amurka a 1938 daga kamfanin Hamilton, amma har yau baƙo ne a Kankiya da Kusada na jihar Katsina, kuma ba rashin kuɗi kaɗai ya sa ba. Inda ake shafe fiye da rabin shekara ba ruwan sama, iskar hunturu kuma ta busar da babbar riga kafin azahar, igiyar shanya ta wadatar. Sai dai abin da ke juya gangar injin nan, wato moto mai koyil na jar waya, danginsa ne ke cikin fanka da firji da sumon rijiyar burtsatse. Ciwonsu ma iri ɗaya ne: ya yi ta gurnani ba ya juyawa, ko ya ɗau zafi ya tsaya, ko ya yi ƙauri. A ganina sana'ar gyaransa ta kafu a wannan yanki ne saboda raunin wuta da faɗuwar naira, ba don yawan na'urori ba.

An kafa hukumar wutar lantarki ta Nefa a 1972, bayan madatsar Kainji ta fara aiki a 1968, kuma babban layin da ya taso daga Kano zuwa Katsina yana da tasha a Kankiya. Zuwan waya gari daban, ƙarfin abin da ke cikinta daban. An ƙera moton ne don wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240. Idan taransifoma ta yi wa unguwa kaɗan, wuta ta zo a raunane, sai moto ya riƙa zuƙar wuta fiye da ƙima don ya ja nauyinsa, waya ta yi zafi, fentin da ke raba zare da zare ya ƙone, su haɗe. Ƙura kuma tana daskarar da boris, aikin da burbushin tufafi ke yi a injin busarwa. Shi ya sa gogaggen maigyara ba ya fara da fasa koyil. Zai juya sandar da hannu ya ji ko ta cije, ya gwada kafasita, wadda sauya ta bai kai komai ba, ya auna wayoyin da mita, sannan ya yanke hukunci. In koyil ɗin ya tafi, sai ya ƙirga zagayen tsohuwar waya, ya nemo mai kaurinta, ya naɗa, ya shafe da banish. Bayan tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986, da darajar naira ta zube, sabon moto ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi, wannan aikin haƙuri ya zama abin neman abinci.

Wani zai ce ai gyara al'ada ce, garin da ke da maƙera ba ya jefar da ƙarfe. Gaskiya ne tsarin koyo a gaban maigida daga can aka gada, amma al'ada ba ta ƙona koyil. Da wuta na zuwa daidai, da moto ya shekara goma bai ga shago ba. Ƙalubalen da ya fi nauyi shi ne kayan Sin masu araha, waɗanda ke sa mutum ya ga gara ya sayi sabuwar fanka daga Sabon Garin Kano. Wannan ya ci ƙananan ayyuka, babu musu. Amma da yawansu wayar alminiyom ce a ciki, ba ta jure zafi kamar jar waya, sumo mai tsada kuwa babu mai yar da shi. Sauya suna daga Nefa zuwa PHCN a 2005, da miƙa KEDCO, mai rabon wutar Kano da Katsina da Jigawa, ga 'yan kasuwa a 2013, bai rufe waɗannan shaguna ba. Abin da zai iya rage musu ciniki shi ne sola, domin wutarta ba ta hawa da sauka haka, kuma fankokinta da allon lantarki suke aiki, wanda mai naɗa waya bai koya ba.