Arlit: Garin da Yuraniyom Ya Kafa da Halin da Ya Shiga Bayan Rufe Mahaƙar Akokan

Arlit gari ne a jihar Agadez, arewacin Jamhuriyar Nijar, kimanin kilomita 240 daga birnin Agadez. An kafa shi a ƙarshen shekarun 1960 domin ma'aikatan haƙar yuraniyom, a yankin da makiyaya Abzinawa suke yawo da dabbobinsu tun kaka da kakanni.

Kamfanoni biyu ne suka riƙe garin. Somaïr, wanda aka kafa a 1968, ya fara fitar da ma'adinin a 1971. Cominak, da aka kafa a 1974, ya buɗe mahaƙa ta ƙarƙashin ƙasa a Akokan, kusa da Arlit, ya soma aiki a 1978. A dukansu biyun, kamfanin Faransa da a yau ake kira Orano, a da Areva, shi ne ya riƙe kaso mafi tsoka a lokacin. Kamfanonin sun gina gidaje da asibitoci, sun samar wa unguwannin ma'aikata ruwa da lantarki. Albashin ma'aikatan nan ne ya jawo 'yan kasuwa da direbobi da masu sana'ar hannu daga kudancin ƙasar, har aka riƙa yi wa garin kirari da “ƙaramar Faris”.

Sai dai arzikin da ya rataya a kan haja guda, da ita yake tashi, da ita yake faɗuwa. Karyewar farashin yuraniyom a shekarun 1980, da wadda ta biyo bayan hatsarin Fukushima na 2011, duk sun girgiza kasuwar garin. Ranar 31 ga Maris 2021 Cominak ya daina haƙa saboda ƙarewar ma'adini, bayan ya fitar da kusan tan 75,000. Ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan 'yan kwangila waɗanda ba su samu irin sallamar da aka yi wa ma'aikatan dindindin ba.

Abin da bai bar garin ba shi ne tarkacen haƙa. Cibiyar bincike ta CRIIRAD da ke Faransa ta kiyasta cewa tan miliyan 20 na tarkace mai fitar da tiririn nukiliya na jibge a Akokan, ta kuma yi gargaɗi kan ruwan ƙarƙashin ƙasa da jama'a ke sha. Ƙungiyar Aghir In'man ta mutanen garin ta daɗe tana wannan kuka. Orano ya ce zai lulluɓe tarkacen da yumɓu da duwatsu, ya kuma ci gaba da sa ido a kan wurin.

Bayan juyin mulkin Yuli 2023 dangantaka ta yi tsami tsakanin Yamai da Faris, kuma a Yuni 2025 gwamnati ta sanar da mayar da Somaïr mallakin ƙasa. Yanzu wannan mahaƙa ɗaya ce ta rage wa Arlit, yayin da aikin gyaran Akokan ke buƙatar kuɗi da kulawa na shekaru masu yawa.