Wa ke riƙe da mabuɗin duniyar kwaikwayo ta VR?

A 1962 Morton Heilig, wani mai ɗaukar fim ɗan Amurka, ya yi rajistar na'urar da ya kira Sensorama. Mutum zai zauna ya cusa kansa cikin akwati, sai ya ga kamar yana kan babur a titunan Brooklyn, kujera na jijjiga, iska na kaɗa fuskarsa, har da ƙamshi. Bai samu masu zuba jari ba, na'urar ta tsaya a nan. A 1968 kuma Ivan Sutherland da ɗalibinsa Bob Sproull suka haɗa tabarau a Jami'ar Harvard wanda kwamfuta ke zana hoton cikinsa. 'Yan layuka ne kawai ake gani, amma duk inda kai ya juya, hoton na biye da shi, kuma a kan wannan dabara aka gina duk abin da ya zo daga baya.

A shekarun 1980 kamfanin VPL na Jaron Lanier ya fara sayar da tabarau da safar hannu mai bin motsin yatsu, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin kowa in ba cibiyoyin bincike ba. Masu sha'awa ba su zauna jira ba. A farkon shekarun 1990 Dave Stampe da Bernie Roehl na Jami'ar Waterloo da ke Kanada suka rubuta manhajar REND386, suka raba ta kyauta. Da ita da safar wasan yara ta Power Glove, mutum na iya gina ɗan ɗakin kwaikwayo a kwamfutar gidansa.

Manyan kamfanoni sun gwada sa'arsu, ba ta yi kyau ba. Virtual Boy na Nintendo ya fito a 1995, aka daina yinsa a 1996. Kasuwar ta yi sanyi fiye da shekara 10.

Wanda ya farfaɗo da ita matashi ne, Palmer Luckey, da ke harhaɗa na'urori a garejin iyayensa a Kalifoniya. A 2012 ya nemi gudunmawar dala dubu 250 a shafin tara kuɗi na Kickstarter don yin Oculus Rift, jama'a suka tara masa kusan miliyan 2.4. Da yawansu sun ɗauka aikin na kowa ne. Shi ya sa suka ji zafi a Maris 2014, lokacin da Facebook ya saye kamfaninsa, Oculus, kan kusan dala biliyan 2. Markus Persson, wanda ya ƙirƙiro Minecraft, ya fasa shirin kai wasansa kan na'urar nan take.

Abin da suke tsoro bai daɗe ba ya bayyana. A 2016 Oculus ya toshe Revive, wata manhaja da ke ba masu tabarau na HTC Vive damar buga wasanninsa, sai da jama'a suka yi caa sannan ya janye. A 2020 aka wajabta wa sababbin masu saye shiga da asusun Facebook, alhali Luckey ya taɓa yin alkawarin ba za a yi haka ba. Hukumar hana babakere ta Jamus ta buɗe bincike a kai, kuma a 2022 Facebook, wanda ya riga ya koma Meta, ya soke sharaɗin. Damuwar tana da tushe, domin tabarau na zamani na ɗauke da kyamarorin da ke auna ɗakin mai shi da motsin hannunsa, wasu har da inda idonsa ke kallo.

Masu buɗaɗɗiyar manhaja sun ci gaba da nasu aikin. Razer da Sensics sun ƙaddamar da OSVR a 2015, amma bai yi nisa ba. Abin da ya fi ɗorewa shi ne OpenXR, ƙa'idar bai ɗaya da ƙungiyar Khronos ta fitar a 2019 domin manhaja ɗaya ta yi aiki a kan tabarau iri-iri. A wannan shekarar kamfanin Collabora ya fara Monado, wadda ke tafiyar da wannan ƙa'ida a kan Linux, kuma kowa na iya karanta lambobinta ya gyara.

Amfanin hakan ya fito fili a ƙarshen 2023, lokacin da Microsoft ya sanar zai cire Windows Mixed Reality daga tsarinsa, ya bar masu tabarau na HP da Samsung da kaya lafiyayyu da ba manhajar tafiyar da su. A kan Linux, masu aikin sa kai sun riga sun koya wa Monado sarrafa da yawa daga cikinsu.