WA YA TAMBAYI MAI ƘURI'A? TARIHIN SOJOJINMU A LABERIYA DA SALIYO

Ina so in ɗan waiwayi wani babi na tarihin ƙasarmu wanda da yawanmu muka gani da idonmu amma ba mu tsaya mun yi nazarinsa ba.

Abin da ya jawo wannan rubutu kuwa wata magana ce da aka yi a gabana a shekarar 1993. Wani ɗan ajinmu da ya shiga soja ya zo hutu Malumfashi daga Laberiya, muna zaune da shi a ƙofar gida ana ta yi masa barka da dawowa, sai wani dattijo manomi ya dube shi ya ce, "Yaro, shin wa ya aike ku can, kuma wa zai ce ku dawo?" Abokinmu ya yi murmushi ya ce, "Baba, mu umurni muke bi." Aka yi dariya aka bar zancen. To, amma tambayar dattijon nan ba ta wasa ba ce, domin a kanta ne aka yi ta faɗi-tashi har shekara 10.

Tun da farko dai tura 'ya'yan wannan yanki yaƙi a wata ƙasa ba sabon abu ba ne. A Yaƙin Duniya na Biyu Turawan Ingila sun ɗebi samarin Arewa ta hannun sarakuna da hakimai, aka kai su Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma don su yaƙi Japan. Bayan samun mulkin kai kuma sojojinmu sun yi aiki a Kwango daga 1960 zuwa 1964 a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. A duk waɗannan ba a nemi ra'ayin talaka ba. Sau ɗaya ne muryar jama'a ta yi tasiri a irin wannan al'amari, wato lokacin da ɗalibai da 'yan hamayya suka tashi haiƙan a kan yarjejeniyar tsaro da aka ƙulla da Ingila, har gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta soke ta a Janairun 1962.

Rikicin Laberiya ya fara ne a ranar 24 ga Disamba 1989, sa'ad da Charles Taylor ya kutso ƙasar da mayaƙansa don ya tumɓuke Shugaba Samuel Doe. A watan Agusta 1990 wasu shugabannin ƙungiyar ECOWAS suka zauna a Banjul suka kafa rundunar ECOMOG, wadda ta sauka a Monrovia ranar 24 ga watan, da sojojin Nijeriya da Gana da Gini da Saliyo da Gambiya. Nijeriya ce ta ba da mafi yawan sojoji da kuɗi. Hujjar gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ita ce ta Bahaushe, idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, ga kuma dubban 'yan Nijeriya da yaƙin ya rutsa da su a can. Hujja ce mai ƙarfi, amma ba majalisa a ƙasa a lokacin, balle a tattauna tsawon aikin ko abin da zai ci. Aikin da aka zaci na 'yan watanni ne sai da ya kai har zaɓen Yulin 1997, wanda kuma Taylor ɗin da aka je tarewa shi ya lashe.

Kafin a huta sai ga ta Saliyo. Ranar 25 ga Mayu 1997 sojoji ƙarƙashin Manjo Johnny Paul Koroma suka hamɓarar da zaɓaɓɓen shugaba Ahmad Tejan Kabbah. Janar Sani Abacha ya tura ƙarin sojoji, suka fatattaki masu juyin mulkin daga Freetown a Fabrairun 1998, aka mai da Kabbah kan kujerarsa a watan Maris. Abin mamaki a nan shi ne, ƙasar da aka soke zaɓenta na 12 ga Yuni 1993 ita ce take zubar da jinin 'ya'yanta don kare ƙuri'ar wasu.

'Yan uwa za su tuna halin da muke ciki a gida a waɗannan shekaru. Layin mai a Funtua sai mota ta kwana biyu ba ta kai bakin famfo ba. A 1997 gwamnati ta janye tallafin takin zamani, manomin masara da na auduga daga Bakori zuwa Ƙafur ya ji a jikinsa. A daidai wannan lokaci ana kiyasin cewa aikin Saliyo kaɗai yana cin dala miliyan 1 kowace rana, sojojinmu a can kuma sun haura 10,000. Gwamnatocin soja ba su riƙa bayyana yawan waɗanda suka rasu ba, sai dai mutum ya kasa kunne ga BBC ko Muryar Amurka da dare. Daga baya gwamnatin farar hula ta ce abin da aka kashe a ƙasashen biyu ya kai dala biliyan 8.

Dama ta farko da mai ƙuri'a ya samu ta zo ne bayan rasuwar Abacha a ranar 8 ga Yuni 1998, da Janar Abdussalami Abubakar ya buɗe fagen siyasa. Ana tsakiyar kamfe, ranar 6 ga Janairu 1999, 'yan tawaye suka afka wa Freetown, aka kashe dubban fararen hula, sojojinmu da yawa suka kwanta dama. Jaridu suka ɗauka, jama'a suka fusata. Ganin haka 'yan takarar shugaban ƙasa biyu, Olusegun Obasanjo da Olu Falae, kowannensu ya yi alkawarin dawo da sojoji gida. Saboda haka a zaɓen 27 ga Fabrairu 1999 ba a rubuta tambayar yaƙi a takardar ƙuri'a ba, amma duk wanda ka dangwala wa, janyewa ka zaɓa. Tsoron mai ƙuri'a ya yi aikin da shekara 9 na gunaguni bai yi ba.

Obasanjo ya hau mulki a watan Mayu, aka sa hannu a yarjejeniyar sulhu ta Lome ranar 7 ga Yuli, sa'an nan a watan Agusta ya sanar da Majalisar Ɗinkin Duniya cewa zai riƙa janye soja 2,000 kowane wata. Wannan ya tilasta wa Majalisar kafa rundunarta a watan Oktoba, wadda wasu sojojinmu suka shiga cikinta, nauyin kuɗi ya koma wuyan duniya. Sai dai gaskiya ɗaya ce, janyewar ba ta zo a banza ba. Da ECOMOG ta gama fita a farkon Mayun 2000, 'yan tawaye suka yi garkuwa da kimanin soja 500 na Majalisar, sai da Ingila ta turo sojojinta aka ceci Freetown. Yaƙin bai ƙare ba sai Janairun 2002. Wato shiga yaƙi ba shawara kuskure ne, fita cikin gaggawa ita ma tana da nata hasara, kuma wasu ne suke biya.

A wasu ƙasashe akan kai irin wannan magana gaban jama'a kai tsaye. Ostareliya ta yi ƙuri'ar raba gardama sau biyu, a 1916 da 1917, kan ko a tilasta wa samari zuwa yaƙin Turai, jama'a suka ce a'a duka biyun. A Sifaniya kuwa jam'iyyar da ta yi alkawarin janye sojoji daga Iraƙi ta ci zaɓen Maris 2004, kafin ƙarshen Mayu ta cika alkawari.

Mu namu tsarin mulkin na 1999 bai tanadi ƙuri'ar raba gardama kan yaƙi ba, amma ya rufe ƙofar da aka bari a buɗe a 1990. Sashe na 5 ya ce ba za a tura soja fagen fama a wajen Nijeriya ba sai da amincewar Majalisar Dattawa. Idan kuwa barazana ce ta gaggawa, shugaban ƙasa zai iya turawa, amma tilas ya nemi yardar Majalisar cikin kwana 7 da fara faɗa, ita kuma ta ba da amsa cikin kwana 14. Mun ga amfanin wannan bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, da ECOWAS ta yi barazanar amfani da ƙarfi. Malamai da sarakuna da 'yan kasuwar da hatsinsu ke bi ta Jibiya zuwa Maraɗi suka ɗaga murya, sanatocin Arewa suka ce ba su yarda ba, ranar 5 ga Agusta Majalisar Dattawa ta shawarci Shugaba Bola Tinubu da ya bi hanyar sulhu. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba.

To, 'yan uwa, ga amsar tambayar dattijon Malumfashi. Sanatan shiyyar Funtua yana cikin mutum 109 da doka ta ba ikon cewa a tafi ko kada a tafi, mu kuma muke tura shi. Idan 'yan takara sun zo neman ƙuri'a muna tambayarsu taki da hanya da asibiti, ya kamata mu ƙara da wannan: idan aka kawo maganar tura 'ya'yanmu yaƙi, wa za ka tuntuɓa kafin ka ɗaga hannu? Mu da aka sha wahala aka koyar da mu, haƙƙinmu ne mu fahimtar da na gida.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a Laberiya da Saliyo, ya saka wa malamanmu da alheri, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.