Danne-danne ko Gwaninta?

A 1991 kamfanin Capcom na Japan ya fitar da gem ɗin faɗa na Street Fighter II mai maɓallai shida, uku na naushi, uku na shuri. Tun daga nan 'yan wasa suka rabu gida biyu, wato masu danna maɓalli barkatai da masu haddace salon bugu. Shi kansa jera bugu ba tsayawa, wanda ake kira kombo, ba da gangan aka ƙirƙiro shi ba. Masu shirya wasan ne suka ci karo da shi, suka bar shi.

Ni da Tekken 3 na 1997 na buɗe ido, a wani gidan gem na unguwarmu. Ƙanena kan ɗauki Eddy Gordo cikin mayaƙan gem ɗin, ya yi ta kirɓar maɓallan shuri ido rufe, ya lallasa ni. Haushi kamar in haɗiye zuciya.

A gasar gem ta Evo ta 2004 a Kalifoniya kuwa, wani gwani mai suna Daigo Umehara, jinin mayaƙinsa saura ƙiris, ya tare bugu 15 na abokin karawarsa Justin Wong ɗaya bayan ɗaya, ya ci zagayen. Danne-danne yana kayar da ɗan koyo irina, amma ba ya kayar da gwani.