Daga Bariki Zuwa Ɗakin Kwana: Tarihin Motocin Sojan Da Aka Mayar Gidaje



Idan ka sami dattijon da ya yi zaman unguwar Bompai a Kano, ko wanda ya yi sana'a a bakin tashar Damagaram ko ta Agadas a shekarun 1970 da 1980, tambaye shi labarin wasu manyan motoci masu dogayen ƙafafu da ke shigowa gari daga arewa, sun yi buɗu-buɗu da ƙura. Zai gaya maka a bayansu Turawa ne maza da mata a zazzaune, an ɗaure jarkoki da safaya taya a gefe, ga tukwane da itacen girki a sama. A motar suke girki, a gindinta suke kwana. Da yawa daga cikin waɗannan motoci na soja ne da aka yi gwanjonsu, wani ya saya ya gyara ya mayar da su gida mai tafiya. Yau tarihin wannan al'ada za mu bi, mu ga inda ta samo asali, yadda ake aikin, da dalilin da ya sa muka daina ganin su a garuruwanmu.

BAYAN YAƘIN HITILA

Mota ta fara ratsa Sahara ne a ƙarshen 1922, lokacin da kamfanin Citroën na Faransa ya tura motoci biyar masu sarƙa a ƙafafun baya daga Tugurt ta Aljeriya, suka isa Tambutu a watan Janairun 1923. Amma wannan tafiya ce ta kamfani mai kuɗi. Talaka bai sami motar da za ta iya wannan hanya ba sai da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare.

A lokacin yaƙin an ƙera motocin ɗaukar kaya fiye da kima. Amurka kaɗai ta ƙera fiye da 560,000 na wata mota mai suna GMC CCKW tsakanin 1941 da 1945, mota ce mai gatari uku da dukkansu ke ja. Ingila ta ƙera Bedford QL kimanin 52,000. Da aka ajiye makamai a 1945, sai gwamnatoci suka wayi gari da filaye cike da motocin da ba su da aikin yi. Aka shiga gwanjo. A Ingila, ma'ajiyar sojoji da ke Ruddington kusa da Nottingham ta shahara da wannan, ta yi ta sayar da motocin soja har zuwa 1983.

A daidai wannan lokaci rayuwa ta yi tsanani a Ingila. Abinci da kati ake raba shi, gidaje sun rushe, mutane da yawa suna son yin ƙaura zuwa Afirka ta Kudu da Rodeshiya da Kenya, ga shi jiragen ruwa sun cika, sai mutum ya daɗe yana jiran gurbi. Sai wasu iyalai suka sayi motocin soja na gwanjo, suka kafa gadaje da akwatunan abinci a baya, suka lulluɓe da tamfol, suka ɗebi mata da yara suka nufi kudu ta ƙasa. Tsakanin 1946 da 1948 ayari-ayari suka riƙa ratsa hamada ta Tamanrasset, su faɗo Agadas, su bi Damagaram su shigo Kano, kafin su karkata gabas. Ba yawon buɗe ido ya fito da su ba, neman wurin zama ne. Sun nuna cewa motar soja tana iya zama gidan iyali na tsawon watanni.

Mu ma a nan gwanjon ya taɓa mu, sai dai ta wata fuskar. Sojojinmu da suka je yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, wasunsu sun dawo da sana'ar tuƙi da kanikanci. Motocin da sojoji suka bari aka cire musu bodin ƙarfe aka yi musu na katako, suka shiga jigilar gyaɗa da fasinja. Bature ya mayar da tasa ɗakin kwana, mu muka mayar da tamu abin neman abinci. Ko kalmar jarka da muke faɗa kullum daga wannan yaƙi ta zo. Jamusawa ne suka ƙera mazubin mai na ƙarfe mai cin lita 20 a shekarun 1930, sojojin Ingila suka ga ya fi nasu ƙwari suka kwaikwaya, suka laƙaba masa sunan tsokanar da suke kiran Jamusawa da shi, wato Jeri. Daga nan sunan ya biyo bakin direbobi har ya zama jarka.

ZAMANIN BEDFORD DA UNIMOG

Motar da ta fi shahara a wannan harka ita ce Bedford RL, wadda sojojin Ingila suka fara amfani da ita a farkon shekarun 1950, aka ƙera fiye da 70,000. Injinta na fetur ne mai silinda shida, ƙafafunta huɗu duka suna ja, kuma babu wani abu mai wuyar ganewa a jikinta. Daga baya Bedford MK ta gaje ta a 1970. Abin da ya sa matafiya suka so ta shi ne kayan gyaranta suna ko'ina a ƙasashen da Ingila ta mallaka. In ta lalace a Kano ko Maiduguri, akwai bakaniken da ya san cikinta tun yana yaron gareji.

A shekarun 1960 da 1970 matasan Turai suka shiga yayin doguwar tafiya ta ƙasa. Wasu suka bi gabas daga Landan zuwa Katmandu ta Turkiyya da Iran da Afganistan. Wasu suka bi kudu zuwa Nairobi ko Johannasbag. Kamfanoni irin su Encounter Overland na Ingila suka riƙa sanya kujeru a bayan Bedford, su ɗauki mutum wajen ashirin, a yi wata da watanni a hanya, kowa da ranar girkinsa da ranar ɗiban ruwansa. Da juyin juya halin Iran da shigar sojojin Tarayyar Sobiyat Afganistan suka toshe hanyar gabas a 1979, sai hanyar Afirka ta ƙara samun jama'a.

Jamusawa kuma tasu motar ita ce Unimog. Abin mamaki, ba don yaƙi aka ƙirƙiro ta ba. Wani injiniya mai suna Albert Friedrich ne ya zana ta bayan yaƙi don aikin gona, har aka auna faɗin ƙafafunta daidai da kunya biyu ta dankalin Turawa. Kamfanin Daimler-Benz ya karɓi ƙera ta a 1951. Samfurin 404 da aka yi daga 1955 zuwa 1980 ya haura 64,000, kuma sojojin Jamus ta Yamma ne suka sayi fiye da rabi. An ɗaga gatarinta sama da tsakiyar taya ta hanyar wasu haƙoran giya da ke cikin kowace ƙafa, shi ya sa cikinta ba ya taɓa dutse ko tudun yashi. Da aka haɗe Jamus a 1990, motocin sojan Jamus ta Gabas ƙirar IFA W50 su ma suka cika kasuwa da araha, da yawansu ɗauke da akwatin ƙarfe a baya wanda sojoji ke aiki a ciki. Wannan akwati shi ne ɗaki tun kafin a taɓa shi.

YADDA AKE AIKIN

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa sai motar soja? Dalili na farko, yawancinsu ba su yi tafiya mai yawa ba. Mota za ta yi shekara talatin a bariki ana yi mata juyen mai a kan lokaci, alhali ba ta yi tafiyar da tirelar kasuwa ke yi a shekara ɗaya ba. Na biyu, an ƙera su don hanyar da babu kwalta. Na uku, babu kwamfuta a injinsu, sifana da guduma da waya sun isa a tayar da su a daji.

Sai dai zaman wuri ɗaya ma cuta ne ga mota. Wanda ya sayi irin wannan mota abin da zai fara yi shi ne ya sauke bodin gaba ɗaya, ya bar ƙashin ƙarfen da komai ke zaune a kai, ya kankare tsatsa, ya sa mai walda ya cike inda ya ci, a yi fenti. Duk wani abu na roba sai an sauya shi, daga tiyon birki zuwa na lagireto, domin roba tana mutuwa ko ba a mora ba. Taya ma haka, za ka gan ta da zanenta kamar sabuwa, amma ta tsattsage a gefe. Masu Bedford RL da Unimog 404 da yawa sun cire injin fetur sun sa na dizal, saboda shan mansu ba na mai ƙaramin ƙarfi ba ne.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne ɗora ɗakin. An yi ƙashin motar soja ne yadda zai riƙa murɗawa idan taya ɗaya ta hau dutse ɗaya ta faɗa rami. Idan aka ɗaure ɗaki kai tsaye a kansa da noti, duk murɗawar da ƙarfen ya yi sai ta shiga bango, ƙofa ta ƙi rufuwa, taga ta fashe, rufi ya fara yoyo. Maganin da aka samo shi ne a yi wa ɗakin nasa firam daban, a ɗora shi a wurare uku ko huɗu, wasu a kafe, wasu a kan ƙusa mai juyawa ko sifirin. Ƙasa tana murɗawa, ɗaki yana zaune daram.

Bayan nan sai lissafin nauyi. Tankin ruwa da batura da man ajiya a ƙasa ake sa su, tsakanin gatari da gatari, don kada mota ta kife a gangare. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wanda ya ɗauki lita 300 ya san abin da ya ɗora wa sifirinsa. A cikin bango ana cusa abin hana zafi da sanyi, domin hamada da rana wuta ce, da dare kuma sanyi har ƙashi. A gefen mota kuma ana rataye wasu faifan ƙarfe masu huji-huji. Asalinsu Amurkawa ne suka ƙera su lokacin yaƙi don shimfiɗa filin saukar jirgi cikin gaggawa, matafiya suka gano cewa in mota ta kafe a yashi, a tona a cusa su ƙarƙashin taya sai ta fita.

YADDA HANYAR TA RUFE

Hanyar ba ta wasa ba ce. Daga Tamanrasset zuwa In Gezzam kusan kilomita 400 ne, kuma a wancan zamani babu kwalta, sai sawun motocin da suka gabata da gawarwakin waɗanda suka mutu a hanya. Daga nan a shiga Nijar ta Asamaka, a kai Arlit, a kai Agadas. Wanda ya iso Kano ya san ya tsallake mafi wuya. A sansanin masu yawon buɗe ido da ke kan titin Bompai suke yada zango, su yi wanki, su canji kuɗi, su zaga Kurmi da marinar Ƙofar Mata, a gyara abin da hamada ta karya.

Abin da ya kashe hanyar rashin tsaro ne. Tawayen Abzinawa ya tashi a arewacin Nijar a 1990, Aljeriya ta faɗa yaƙin basasa daga 1992. Da abubuwa suka ɗan lafa matafiya suka fara dawowa, sai a 2003 aka sace Turawa 32 a hamadar Aljeriya. Gasar tseren motoci ta Faris zuwa Dakar, wadda ta sha bi ta Agadas, an soke ta a 2008 saboda barazana, shekarar da ta biyo baya aka mayar da ita Kudancin Amurka. Rikicin arewa maso gabashin Najeriya ya zo ya toshe hanyar da ake bi daga Kano zuwa Kamaru da Cadi. Yau masu irin waɗannan motoci suna nan, har sun fi da yawa, ɗakunansu da sola da firji, amma gaɓar teku suke bi ta Maroko da Muritaniya da Sanagal. Mai gadin sansani, mai canji, mai sayar da takalman fata da bakaniken da ke jiran lokacin sanyi don zuwansu, duk sun rasa wannan kasuwa.

Akwai abu ɗaya da ke damuna a wannan tarihi. Matafiyan sun rubuta littattafai, sun ajiye hotuna, a ƙasashensu motar da ta shekara talatin ma rajista ta musamman ake ba ta, kamar yadda Jamus ke yi tun 1997. A cikin labaransu, mutumin da ya kwana a ƙarƙashin motarsu yana ɗaure sifirin a Kano ko Damagaram ba shi da suna, bakanike ne kawai. Tsofaffin gingimarin da ke bayan garejojinmu kuwa, 'yan gwangwan ne ke yanka su suna aunawa a sikeli. Waɗanda suka yi wannan aiki suna samari a 1975 yanzu sun haura shekara saba'in.

Don haka duk wanda ke da kaka ko maƙwabcin da ya yi tuƙin babbar mota ko kanikanci a wancan zamani, ya daure ya zauna da shi a wannan makon. Ya tambaye shi wace mota ya fara tuƙawa, a hannun wa ya koya, nawa ake biyan sa, me suke kiran kowane ƙarfe, kuma ko ya taɓa gyara motar Turawan hamada. Ya rubuta da sunan garin da shekarar, ya kawo mana. Wanda kuma ya ga gyara a abin da na kawo, ƙofa a buɗe take.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.