Daga Ƙwarya Zuwa Kofin Sai Masu Gida

A teburin wani mai shayi a Na'ibawa muka ga kofin tangaran mai faɗin gindi, ɗauke da tambarin Kano Pillars. Ba a zuba wa kowa shayi a cikinsa, na ajiya ne. Asalin wannan ƙira ta ma'aikatan jirgin ruwa ce: gindi ya fi baki faɗi, nauyi ya taru a ƙasa, ko jirgi na tangal-tangal kofi ba ya kifewa.

Mu kuwa da ƙwarya muka fara, wadda ba ta zama daram sai an ɗora ta kan gammo. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kwanukan shan Turai suka yawaita. Daga baya masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa suka cika gidajenmu da kofunan roba, har aka soma buga hoton ango da amarya a jikinsu. Pillars ɗin ma sai 1990 aka kafa ta.

Saboda haka in labarinmu na zamanin Sarki Alu ne, kada mu miƙa wa baƙo kofi. Mu ba shi ƙwarya, ya riƙe da hannu biyu.